Ƙayar Ƙurungu a Ƙarƙashin Lalle

A Tibati ne, da asuba, a bayan madafar Inna Mairo. Na fito da buta zan yi alwala, ban tsaya neman silifa ba saboda takalman baƙi sun cakuɗe a bakin ƙofa, sai na ji wani abu ya shige tafin ƙafata ta hagu. Ba irin sukar ƙayar da aka saba ba ce. Kamar an ɗora mini garwashi aka danna. Na tsuguna na laluba, na zaro wani ɗan tsinke mai haƙora irin na zarto, na jefar. Na haska da waya ban ga komai ba, don baƙin lalle ya rufe tafin gaba ɗaya. Amma tun a tsugunen nan Baba ya faɗo mini a rai.

Tunda na dawo Banyo tambaya ɗaya ake yi mini. Ramatu, ya Garwa? Kin ga dorina? Da gaske ne zafin garin yana dafa ƙwai? Wata ma cewa ta yi wai na koyo tafiyar yanga, ba ta san ɗingishi nake ɓoyewa ba. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ce. Zan rubuta sau ɗaya, wadda ta karanta kada ta sake tambayata. Wadda kuma ta ga dama ta kai wa Goggo Asabe, ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Rakiyar amarya muka je. Amaryar Zulai ce, ’yar Goggo Asabe, yayar Baba. Kun san tsakanina da Zulai, taubasai ne mu, ajinmu ɗaya a lise, wato sakandare, kuma ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Mijinta mutumin Garwa ne. Kafin mu tashi aka dafe mana ƙafafu da lalle har idon sawu, aka bi da gishirin lalle da toka ya yi baƙi wuluk, don Goggo ta ce ba za a je a ce ’yan Banyo ba su iya kwalliya ba.

Hanyar Banyo zuwa Tibati ba sai na faɗa muku ba. Mota ta kafe a taɓo, muka sauka da sababbin atamfofinmu muna kallon maza suna turi, direba yana zagin hanya da Faransanci yana yi mana sannu da Fulatanci. Da magariba muka shiga Tibati, muka sauka gidan Inna Mairo, tsohuwar ƙawar Goggo mai sana’ar kifi. Daga tafkin Mbakau ake kawo mata, ana gyara shi a bayan madafa. Ta cika mu da gasasshen kifi da rogo, muka ci har muna nishi. Da na san abin da kifin nan ya ajiye mini a ƙasa da ban yaba masa ba.

Da gari ya waye, bayan sukar nan ta asuba, na nuna wa Inna Mairo ƙafar. Ta danna wurin, na janye.

“Ƙurungu ne,” in ji ta. “Ƙayarsa ba ta fita duka, karyewa take yi a ciki. Asabe, in kun isa Gaundare ku nuna wa likita.”

Goggo tana ɗaura ɗankwali ta ce, “Yanzu ƙayar kifi ma sai likita? Mairo kin zama Nasara. Ke kuma sa takalmi, mota ba za ta jira ki ba.”

Ga wadda ba ta san dalilin tsorona ba, bari in faɗa. Baba ƙusa ce ta soke shi a shago, ’yar ƙarama. Yana da ciwon suga bai sani ba. Ƙafa ta kumbura, Goggo ta zo ta duba ta ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, ranar da allura ta taɓa shi ranar zai watsu a jiki. Aka yi ta shafe-shafe da turare a ɗaki. Ni ce mai wanke masa ƙafar in na taso makaranta, saboda haka na san yadda warin yake farawa. Da aka kai shi asibiti daga baya, ƙasan gwiwa suka yanke. Har gobe Goggo cewa take yi asibitin ne ya ci ƙafar. Baba bai taɓa yi mata musu ba, yayarsa ce, ita ta goye shi.

A motar Gaundare kowa ya zama likita. Wata ta ce sabon takalmi ne, ya matse ni. Wata ta ce zaman mota ne yake tara jini a ƙafa, in ɗora ta kan jaka. Wata dattijuwa ta ce sanyi ne, ’yan matan yanzu ba sa shan jiƙo. Wani mai sayar da magani da ya shigo a hanya ya ce basir ne ya sauko ƙafa, ga kuma maganinsa a jakarsa, shi ne dai na haƙori da na mayar da tsohuwa yarinya. Na ce musu ƙaya ce ta soke ni, ni na zare ta da hannuna. Ba wanda ya ji. Ƙaya ta yi musu ƙanƙanta.

A kowace bariyer, wato shingen jami’an tsaro, sai an sauke mu, mu wuce a ƙafa da katin shaida a hannu, mota ta same mu a gaba. Ina takawa da dunduniya ina cije leɓe. Wani jandarma ya dubi katina ya dubi ƙafar, ya ce da Faransanci, “Madmazel, wannan lalle ya fi ƙarfinki ne?” Matan suka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san me zan yi ba. A tashar Gaundare na zo zaman tahiya na kasa naɗe ƙafar, na ƙarasa salla da ita a miƙe. Na ce wa Goggo ga shi mun zo Gaundare. Ta saya mini kilishi ta ce in ci in yi shiru, dangin ango sun riga sun yanka sa.

Daga nan hanya ta gangara dutse, kunnuwa suka toshe, iska ta sauya. Mu da muka saba da sanyin Banyo muka fara cire mayafi muna fifita da shi. Kafin mu hau gadar Binuwai ƙafar ta cika takalmi, sai da na zare shi da ƙyar. Ana ta leƙe ta taga ana neman dorina. Ni ban ga dorina ba. Bugun da ƙafata take yi nake saurare, kamar an sa mata zuciya tata daban.

Gidan surukan Zulai babban gida ne na Fulani, kuma gaskiya sun karrama mu. Amma Fulatancin da muke ji a Banyo da na Garwa ba ɗaya ba ne wajen gaisuwa. A can in aka fara jam, jam, sai an tambayi gida, da yara, da gajiya, da zafi, da wanda aka baro, murya can ƙasa, ido a ƙasa, ke kuma kina durƙushe. Ku auna durƙuso a kan wannan ƙafa. Abinci kuwa sai a ajiye a ɗaki a ja labule a tafi, ba mai zama ya ce ki ƙara, kuma abin kunya ne a ga kwano ya fito a suɗe. Mu a gida in baƙo bai cinye ba cewa ake yi ya raina girki. Tuwon dawa da miyar yakuwa da suke kira follere, kunun gyaɗa da safe, shayi mai kanumfari. An ce akwai daɗi. Bakina ɗaci yake yi, ban sani ba.

Kalmar da na fi ji a gidan ita ce munyal, wato haƙuri. Goggo ta tsince ta ta riƙe kamar carbi. Ta ce a gidan nan mace tana haihuwa ba a jin tarinta, ni kuma zan tara wa mutane jama’a a kan ƙafa. Ta mayar da ni ƙuryar ɗakin da aka jibge garar amarya, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai, ta ce in an tambaya a ce gajiyar hanya ce. Ita kuma Zulai tana can ɗakinta a lulluɓe, don a al’adarsu amarya ba ta taka ko tsakar gida sai ta yi bakwai.

Zazzaɓi ya zo. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Da na nuna wa Goggo, ta daɗe tana kallon ƙafar, ta shafa ta da bayan hannu, sannan ta faɗi abin da nake jira tun Tibati.

“Daji ne. Irin na ubanki.”

“Goggo, ƙaya ce. Inna Mairo ma ta faɗa.”

“Ƙayar sanadi ce. A jininku yake.”

“To a kai ni asibiti.”

“Don su yi miki abin da suka yi masa? Kina da hankali kuwa? Ko wanzami ba zai taɓa ƙafar nan ba.”

“Baba a ɗaki ƙafarsa ta ruɓe, Goggo. Ni na wanke ta.”

Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ce, “Bokon da aka sa ki ke nan. Na ji. In mun koma gida ki faɗa a gabansa.”

Ta aika aka samo wani garin magani, ta kwaɓa da man shanu da jar kanwa, ta damɓara a kan lallen, ta naɗe da tsumma. Ta kawo kasko ta turara. Baƙi a kan baƙi. Ko me yake faruwa a ƙarƙashi, ba mai gani. Na kira Mama ina kuka, Mama ta kira Goggo, Goggo ta ce mata shagwaɓa ce da ɗan targaɗe, kada a tayar wa Baba da hankali. Mama ba ta taɓa iya musu da dangin miji ba. Ta sake kirana ta ce in daure.

Abin da yake ƙona mini rai har yanzu shi ne, ba mugunta ba ce. Goggo tana zama kusa da ni tana yi mini fifita, tana tofa mini addu’a, tana ba ni kunu a baki. Haka ta yi wa Baba. Da ƙauna ta zaunar da shi har ƙafarsa ta tafi, kuma da ƙaunar nan ta zauna a kaina. Sauran matan da muka zo tare kuwa, wasunsu sun yi karatu sun fi ni, suna leƙowa su ce sannu su koma wajen kiɗa. Kowace tana tsoron a ce ita ce ta ɓata biki.

Wata rana da hantsi na farka na ji shi. Ɗan kaɗan ne, yana ɓuya a bayan warin man shanu da turare, amma na gane shi, warin ƙafar Baba ne. Na ja zani na rufe kaina, na fara lissafin yadda zan hau dutsen unguwarmu da sanduna, da wanda zai riƙa wanke wa wani ƙafa tsakanina da Baba.

Ina cikin haka aka ɗaga labule. Zulai ce, ta saci jiki daga ɗakinta lokacin da ake rabon abinci.

“Ke baiwata, rakiya kika zo ko gadin shinkafa? An ce tunda kika ga buhuna kika ƙi fita.”

Na ƙara ƙudundunewa a cikin zani. Ta ce, “Yau babu baki? Lallai Garwa ta yi miki tarbiyya.” Ta matso za ta ja mini zani, sai ta tsaya. Na ga hancinta ya motsa. Ita ma ta sha zuwa gidanmu lokacin jinyar Baba. Ta tsuguna ta kwance tsumman ba ta tambaye ni ba. A inda lalle ya ƙare, saman idon sawu, fata ta yi ja tana ƙyalli, ga wani jan layi ya miƙe yana hawa ƙwauri.

“Tun yaushe?”

“Tun Tibati.”

Ta fita. Ta dawo da hijabi a kan kayan amarci, ta sa kafaɗarta a hammatata ta ɗaga ni. A bakin ƙofa muka yi karo da Goggo.

“Ina za ki? Zulai, ko bakwai ba ki yi ba. In kika taka ƙofar gidan nan kin tona mini asiri a garin mutane.”

Zulai ta ce wa uwarta, “Inna, matsa.”

“Ni kike ce wa in matsa?”

“Kawu ya ba da ƙafa ɗaya. Gidansa ba zai ba da ta biyu ba.”

Dada, uwar mijin Zulai, tana zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya. Ita ce wadda saboda kunyarta aka ɓoye ni. Ta taso a hankali, ta dubi ƙafar, ta dubi Goggo. Ta juya ta ce da Fulatanci a tsayar da kilando biyu, wato ’yan acaɓa, ta cire mayafinta ta ƙara wa Zulai a kai. Shi ke nan. Duk kwanakin da na yi a bayan buhuna, abin da ake tsoro ke nan.

Hawan babur ɗin ba zan manta da shi ba. Ƙafa a rataye, zafin kwalta yana dukanta, kowane rami sai na ga wuta. Zulai tana biye a baya, amarya da ƙamshinta da gwalagwalanta, tana yi wa nata direban faɗa ya bi a hankali, tana yi wa nawa faɗa ya yi sauri.

A bencin asibiti na gane ashe ƙafa duniya ce guda. Wata mai tuyar ƙosai ta ce ita dunduniyarta ce, takun farko da safe kamar ta taka ƙusa, an ce tsayuwa ce da silifar da ta cinye, ta sauya takalmi mai taushi, ta riƙa murza tafin a kan gorar ruwan sanyi tana miƙar da shi. Wani mahauci babban yatsansa ya kumbura, an hana shi kayan ciki, yana ta mita wai an hana kifi ruwa. Wata faso ne ya tsage har yana jini. Can gefe ga wani dattijo mai suga, an naɗe masa ƙafa, ɗansa yana kore masa ƙuda. Shi ne na kasa kallo. Kowa da sanadin ciwonsa, kowa da maganinsa daban. A gidanmu kuwa suna ɗaya ake ba su duka.

Nas ɗin da ta karɓe ni mutuniyar wajen duwatsun Mokolo ce, da gicciye a wuya, Hausarta ta kasuwa. Ta kwance tsumma ta kawar da kai.

“Wane ne ya sa wannan taɓo? Ke kin yi lekol?”

Makaranta take nufi. Na ce na gama lise.

“Kin gama lise, kin zauna ƙafa yana lalace?”

Wannan magana ta fi allurar zafi. Na so in ce mata ta je ta tsaya a gaban Goggo Asabe da takardar lise ta gani. Zulai ce ta amsa, ta ce, “Madam, ki yi aikinki, faɗan namu ne, za mu yi shi a gida.”

Suka wanke, suka goge, lallen ya ƙi fita. Likita ya ce baƙin nan ya hana shi ganin launin yatsun, bai san ko naman yana da rai ba sai ya buɗe. Na tambaye shi kai tsaye ko za a yanke. Ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da bai gani ba. Aka kashe wurin da allura, ya tsaga. Ban ji zafi ba, amma na ji mugunya tana bin dunduniyata, na ji Zulai tana salati a hankali. Can ya ɗago wani abu da hantsaki ya jefa a faranti, ya yi ɗan ƙara. Guntun ƙayar ƙurungu ne, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, da haƙoransa.

Aka yi mini allurar tetanus, aka ɗaura ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ɗora ƙafar a kan matasai, aka ɗibi jini don a duba suga saboda Baba. Sannan nas ta ciro biro daga aljihu ta zagaye iyakar jan a ƙwaurina. Ta ce, “In ja ya wuce wannan layi, magana ya canza. In ya koma baya, kin ci.”

Ban taɓa kallon abu a duniya kamar yadda na kalli layin biron nan ba. Ina ci ina kallonsa, ina salla a kwance ina kallonsa. Goggo ta zo, ta zauna can bakin ƙofa, duk lokacin da aka soka mini allura sai ta runtse ido ta ja carbi, tana jiran dajin ya watsu. Ba ta yi mini magana ba, ban yi mata ba. Zulai ta kira Baba ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta ce abin da ya ce kawai shi ne a kira shi ko me aka gani. Mama ta ce ya daina fita shago, yana zaune a zaure da waya a cinya.

Ranar da zan faɗa muku, da safe ne, rana ta fara shigowa ta taga. Na farka na ji jikina ya jiƙe da gumi, kaina wasai. Na ji tsoron dubawa. Likita ya shigo da nas, ya kwance bandeji, ya matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko ina ji. Ina ji. Ya ɗaga zanina zuwa gwiwa. Layin biro yana nan inda yake, shi kaɗai, a kan fata mai launin fata. Jan ya janye ya koma can ƙasa wajen lalle.

Ya ce sakamakon jini ya fito, ba ni da suga. Ya ce ciwon zai ɗauki lokaci kafin ya cike, in shanye magani duka, kada in taka ƙasa ba takalmi, kada a sake shafa masa komai. Na ce ba wannan nake tambaya ba.

Nas ta yi dariya ta dafa mini gwiwa. “Ƙafa naki ne, ’yar Banyo. Ba wanda zai taɓa.”

Zulai ta ce, “Asara. Na riga na yi wa takalmanki na hagu ciniki.” Tana faɗa hawaye na zuba a kan hijabinta.

Na karɓi wayarta na kira Baba. Bugu ɗaya ya ɗauka. Bai yi sallama ba, numfashinsa kawai nake ji.

Na ce, “Baba, da biyu zan dawo.”

Sai na ji ƙarar sandunansa a kan simintin zaure, ƙwas, ƙwas, yana sauri zuwa cikin gida yana kiran sunan Mama.